Waiwaye: Rawar Inji a Silo, Daga Zamanin Fijo Zuwa na Kwamfuta

Da yawa daga motocin hayar da ke jiran fasinja a Gidan Mutum Ɗaya ko a Kankiya, kan hanyar Kano zuwa Katsina, ba sa iya tsayuwa da kansu. Direba na kiran "Kano saura mutum biyu", ƙafarsa kuwa tana kan totur, yana dannawa yana saki, don ya san da zarar ya ɗaga ta injin zai hau kakkarwa, madubi ya kama, sitiyari ya bi, daga nan mota ta mutu sai an tura. Haka a-kori-kurar da ke shiga Bauranya da Kafarda da Mawashi kwasar gero da wake da kaka. Mun saba da abin har mun daina lissafa shi cikin cututtukan mota. Sai ka ji ana cewa ai tsufa ne, ko kuwa haka Golf take. Alhali ba haka aka ƙera ta ba.

Inji mai silinda huɗu, idan lafiyarsa ƙalau, ya yi ɗumi aka bar shi a silo, yana juyawa ne wajen sau 700 zuwa 850 a minti. A kowane juyi silinda biyu ke kama wuta. Ke nan a juyi 750 ana samun fashewa 1,500 a minti, wato 25 a daƙiƙa guda, kuma bi da bi: ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyu. Wanda ya taɓa jin mata suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi. Ko kana bayan danga, in ɗaya ta yi nawa ko ta tsallake bugunta, kunnenka zai kama. Wannan tsallaken shi ne rawar da mota ke yi a tsaye. A kan gudu, ƙarfin juyawa yakan rufa wa silinda mai rauni asiri. A silo kuwa ƙofar iska a rufe take saura ƙiris, man da ke shiga ɗan kaɗan ne, don haka ƙaramin kuskure ma sai ya fito fili.

Abu huɗu kowace silinda ke nema kafin ta yi bugunta: iska, mai, wuta a kan lokaci, da matsi. Iska da fetur suna da awonsu, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Kusan duk wata rawar silo da aka taɓa kai wa bakanike, daga kan Fijo 404 har zuwa Corolla ta bana, tana komawa ga ɗaya daga cikin huɗun nan. Tsofaffin makanikai ba su san lambar 14.7 ba, amma sun san huɗun, kuma sun san wanda ake fara tambaya.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Fijo ta mamaye hanyoyin Arewa: salun ta hakimi da babban ma'aikaci, wagon ta haya, fikof ta 'yan kasuwa. Idan ka ɗaga bonet ɗin 504 kana iya hango ƙasa ta gefen inji, don babu cunkoso. Kafireta ɗaya, dilko ɗaya da kwantak da kwandensa a cikinsa, kwayil ɗaya, wayoyi huɗu zuwa fulogai huɗu. Duk abin da zai lalace ido na ganinsa, hannu na kaiwa gare shi.

Na san wani dattijon bakanike a Kankiya a shekarun 1980, wanda garejinsa bai wuce inuwar bedi da akwatin ƙarfe ɗaya ba. Idan aka kawo masa mota mai rawa, abin da yake fara faɗa shi ne, "Alhaji, bar ta tana aiki, kada ka kashe." In yaronsa ya rugo da sifana sai ya daka masa tsawa: "Kai, ajiye nan! Wa ya ce maka kwancewa za a yi?" Daga nan sai tambayoyi. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta yi zafi? A ina ka sha mai na ƙarshe? In ka taka totur rawar tana ɓacewa ko tana bin ka? Sannan tambayar da masu mota ba sa so: "Wa ya taɓa ta kafin ni?"

Kowace tambaya tana yanke masa rabin hanya. Rawar da ke zuwa da sanyi ta tafi in inji ya yi ɗumi, ya san a wajen cok ko fulogi mai rauni zai duba. Wadda ta fara ranar da aka sha mai, tanki ake tuhuma. Wadda ke ɓacewa da an taka totur, galibi ɓarauniyar iska ce ko toshewar ƙaramin jet ɗin silo. Wadda ke bin mota har kan hanya kuwa, akwai silindar da ta kwanta.

Gano wadda ta kwanta ba ya cin ko kwabo. Zai naɗe hannu da tsumma, ya zare wayar fulogi ta farko. In injin ya ƙara rikicewa, wannan silinda tana aiki, sai ya mayar. Haka zai bi su, har ya zo kan wadda aka zare wayarta inji bai ko nuna ya sani ba. To ita ce. Sai a kwance fulogi ɗaya tak, a karanta bakinsa. Baƙin ƙirin busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul sun saki. Fari fat kamar an toya, mai ya yi kaɗan ko iska ta yi yawa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne na lafiya. In fulogi bai nuna laifi ba, sai ya musanya shi da na silindar kusa, ya ga ko ciwon zai yi ƙaura. In ya bi fulogi, an gama magana. In ya tsaya inda yake, sai waya, sai murfin dilko, sai kwantak, wanda ake saita buɗewarsa wajen milimita 0.4. Har gwajin takarda yana da shi: a kara 'yar takarda a bakin salansa, in ana hura ta waje kawai, lafiya, in ana fizgo ta ciki lokaci-lokaci, akwai bawul da ya ƙone.

Abin da na fi riƙewa daga aikinsa shi ne jerin. Yana farawa da abin da ba a biya, ya wuce ga mai araha, kuma ba ya kai hannu ga kan silinda sai duk na waje sun wanke kansu. Kafireta ita ce ta kusa da ƙarshe, ba ta farko ba, domin a cewarsa yawancin laifin da ake ɗora mata na wuta ne.

Kada waiwaye ya sa mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. A jikin kafireta akwai sukuru biyu, ɗaya na yawan juyin silo, ɗaya na awon mai da iska, kuma tun a lokacin akwai makanikan da duk iliminsu ya ƙare a kan na farkon. Mota ta zo tana rawa, a sa sukundireba a murɗa, inji ya haura dubu da ɗari biyu, rawa ta lafa, a karɓi kuɗi. Mai mota ya tafi yana sa albarka. Fulogin da ya mutu yana nan a mace, tiyon da ya tsage yana nan a tsage, an dai ƙara wa injin gudu ne har ya fi ƙarfin a ji ɗingishinsa. Wannan sukurun, a ganina, shi ne gadon da muka fi riƙewa daga zamanin Fijo, fiye da kunnen da dattawan suke sauraro da shi.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, motocin da Turawa suka gama yayinsu, wasu ta Legas, wasu ta Nijar su ɓullo ta Maraɗi da Jibiya. Golf, Sharon, Honda, Toyota. Suka zo da injekta a madadin kafireta, da ƙwaƙwalwar da ake kira burenbos a gareji, da sensoshi masu gaya mata yawan iskar da ta shiga, da zafin ruwa, da abin da ke fita ta salansa. Makanikan da suka ƙware a dilko suka buɗe bonet suka tarar babu abin murɗawa.

Yadda aka tarbi baƙuwar fasahar nan abin a tsaya a kansa ne, domin rawar silo da yawa ta yau daga nan ta samo asali. Wasu sun cire injekta ɗungurungum suka ɗora kafireta. Kusan kowa ya yarda cewa tamostat kayan ƙasar sanyi ne, sai a cire a yar, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. To ƙwaƙwalwar mota an tsara ta ne ta ƙara mai muddin inji bai kai zafinsa na aiki ba, wanda ke kusa da digiri 90. Injin da aka hana shi yin zafi, musamman da hunturu a hanyar Yashe da asuba, zai yi ta shan mai fiye da kima, fulogai su yi baƙi, bakin injekta ya tara datti, silo ya lalace. Mai mota ya koma gareji, kuma da yake babu sukuru, sai a ɗaure wayar totur ta ɗan ja, ko a tura ƙofar iska ta ƙi rufewa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan: ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin sauke silo, waya tana jan sa sama, allura na hawa da sauka. In motar otomatik ce, duk sa giya sai ta yi tsalle.

Alhali jerin nan na dattijo bai tsufa ba, kayan ne kawai suka canja suna. Gwajin zare waya yana nan, sai dai a motar zamani ba a fizge wayar wuta da hannu, don wutar ta fi ta da ƙarfi kuma ana iya ƙona kwayil. Soket ɗin nozul ake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Motocin da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa ma sun fi sauƙi, a ɗauke na silindar da ake zargi a kai wata, a ga ko misin, wato tsallaken bugun nan, zai bi shi. Kuma kafin a yanke wa kwayil hukunci a leƙa ramin fulogi. Sau da yawa baƙin mai ne ya tsiyaya daga gasket ɗin murfin sama ya cika ramin, ko ruwa ne daga wankin inji da aka yi jiya da famfo mai ƙarfi. A shanya ramin, a canja gasket, kwayil ɗin da aka kusa jefarwa ya ci gaba da aiki.

Ɓarauniyar iska ita ce ta fi wahalar da mutane, domin ba ta da alama sai ɗan tsaki siriri da ba a ji in rediyo na kunne. Zafin bazara yana busar da roba. Tiyon da ya haɗa iyakilina da bakin injekta yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an cire an lanƙwasa shi a hannu. Duk iskar da ta shiga ta wannan tsaga ba ta bi ta kan ma'aunin iska ba, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, ba ta aiko mata da mai ba. A kan gudu ba ta da tasiri, don 'yar kaɗan ce cikin mai yawa. A silo kuwa ita ce babba. Ana kama ta ta hanyar matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse silo ya daidaita, laifin yana kan layinsa. In kuma taka birki ne ke sa inji rikicewa, a duba tiyon da ya tafi bayan fedar birki.

Sai ƙura, wadda mu mutanen burji muka fi kowa saninta. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Bauranya da Kusada da bakin kwalta tana haɗiyar ƙurar da motar Abuja ba za ta gani a shekara ba. An saba a kai filtar iska wurin mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi. Tana fitowa fes a ido, amma takardar ta yayyage da ƙananan ƙofofi, ƙura ta samu hanya, ta lulluɓe siririyar wayar ma'aunin iska, ta haɗu da tururin baƙin mai ta yi danƙo a bakin injekta. Wankin bakin injekta da maganin feshi gyara ne na gaskiya, kuma mai araha. Abin da ake mantawa shi ne, wasu motocin bayan an wanke, ko an cire kan batir, sai an bar su sun yi zafi a tsaye, esi da fitilu a kashe, ƙwaƙwalwa ta sake koyon silo. Wanda bai san haka ba zai ga allura ta haura ya ɗauka ya ɓata wani abu, ya shiga kwance-kwance.

Mai kuwa labarinsa daban ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu suka amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka biyo baya. Wannan shi ne wanda aka yi shelarsa. Na kullum shi ne na galan da jarka a ƙauyukan da gidan mai ya yi wa nisa, inda ɗan bumburutu ba lalle ya yi algus ba, amma jarkarsa ta kwana a raɓa, mazurarinsa ya sha ƙura. Ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun koma shan lita uku, lita biyar, allura kullum tana kan ja. Famfon mai na motar injekta cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tankin da ba ya cika yana gajiyar da famfo, ƙarfin turawarsa ya ragu, nozul su koma ɗigo maimakon feshi. Waɗanda suka mayar da motocinsu kan gas su ma su sani gas ya fi fetur wuyar kamawa, fulogin da yake lallaɓawa a fetur zai tona kansa a gas.

Yanzu ga kwamfuta ta zo, kuma ni ina cikin masu murna da zuwanta. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can soket iri ɗaya na binciken lafiyar inji, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Yawancin abin da ke kan hanyoyinmu yau yana da wannan soket a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar karanta shi ta yi arahar da har da wayar hannu ana haɗa ta. Lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya na misin, P0302 ta biyu, haka har huɗu. P0300 misin ne mai yawo. Aikin da dattijo ke yi da tsumma a hannu, na'ura ta yi shi cikin minti guda. Fitilar cek kuma in tana ƙiftawa, ba a tsaye take ba, gargaɗi ne cewa ɗanyen mai na wucewa salansa, yana iya narkar da abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi.

Matsalar ita ce an mayar da na'urar kamar mai duba. Ta faɗi lamba, a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a sayo abin da sunansa ya fito. Lambar P0171, alal misali, cewa take yi iska ta rinjayi mai. Sensar salansa ce ta kawo rahoton, don haka sai a canja sensar. An bar jaki ana dukan taiki. Ita gaskiya ta faɗa. Mai laifin tsagaggen tiyo ne, ko famfon da ya gaji, ko ma'aunin iska da ƙura ta rufe. Haka P0301 ba ta ce kwayil ya mutu ba, ta dai nuna ɗakin da za a shiga a bincika. Na ga motar da aka canja wa fulogai, da kwayil huɗu, da nozul, aka fara maganar burenbos, kafin wani yaro mai haƙuri ya lanƙwasa tiyon iska ya ga tsaga. Kuma kowane canji yana da nasa haɗarin, don kasuwa cike take da jabun fulogai masu ɗauke da sunan NGK da Denso, ana iya cire tsoho na ainihi a sa sabo na bogi.

Akwai ma rawar da ba ta inji ba ce sam. In allura na tsaye cak, sautin salansa sumul, amma kujera da sitiyari na kaɗawa, musamman in an sa giya an taka birki, a duba robobin da inji ke zaune a kansu. Ramukan hanya suna kashe su, kuma in sun mutu ko lafiyayyen inji sai ya girgiza mota.

Saura na huɗu cikin abubuwan da silinda ke nema, matsi, wanda shi ne mai tsada, kuma a nan ne aka fi yi wa masu mota yankan ƙauna. Bakanike ya saurari inji ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai dai a sauke shi." Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma akwai ma'auni, ɗan agogo mai tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi a buga sitata, ya nuna ƙarfin matsin kowace silinda. Huɗun su zo kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi goma cikin ɗari. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa: in ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin kan silinda ya ƙone a tsakaninsu. A injunan da ake saita bawul da hannu, irin na Fijo da Honda da yawa, wani lokaci bawul ne kawai ya matse ba ya rufewa sosai, saiti zai ɗauka ba tare da an sauke komai ba. Kafin mai mota ya amince a kwance masa inji, yana da haƙƙin a nuna masa lambobin nan huɗu. In bakaniken ya ce ba shi da agogon, akwai masu shi a Katsina da Kano, kuma kuɗin kai motar can bai kai na ringi da gasket ba.